Tsakanin Tsirkiya Da Katako, Wa Ke Da Muryar Jita?

A wannan wata mun ga ya kamata mu ɗan huta da zancen tsadar kasuwa da kuɗin makarantar yara, mu taɓo wata magana wadda ta daɗe tana haddasa gardama a tsakaninmu, mu 'yan tsirarun da ke taɓa jita a unguwar Birkitari ta nan Yawunde. Mun san akwai iyayenmu da ba su son ganin wannan abu a hannun 'ya'yansu, kuma muna girmama ra'ayinsu. Amma tun da yake samarinmu suna saye, suna kuma zuba kuɗin guminsu a ciki, gara a ce sun san abin da suke saye.

Mu dai ba mawaƙan da ake ji a rediyo ba ne. Cikinmu akwai tela, akwai direba, akwai malamin makaranta, kuma ran Lahadi bayan la'asar muke haɗuwa, kowa da tasa jitar. Gardamar kuwa ita ce, idan an ji jita mai daɗin amo, wa za a yaba wa? Wasunmu sun ce katako ne, domin su a ganinsu tsirkiya waya ce kawai, kowacce aka ɗaura daidai ne. Wasu kuma sun ce ai tsirkiya ce mai magana, katako akwati ne. Mun shekara muna wannan ja-in-ja, har muka ga ya fi kyau mu bincika, mu kuma gwada da kunnenmu, tun da Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kafin mu je ga jitar Turawa, ya kamata mu tuna cewa wannan ilmi ba baƙo ba ne a gidanmu. Mai goge ya san izgar doki ce ke ba shi kukan nan mai ratsa zuciya, ya kuma san idan fatar da aka rufe ƙwaryar da ita ta sha laima, gogen zai dishe ko da izgar sabuwa ce. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zagaya duniya, alhali kuwa cikin kuntigi bai wuce gwangwanin kifi da aka rufe da fata ba. A Nijar ma, Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Duk waɗannan mutane sun san abu biyu ne ke haɗuwa su ba da amo, watau abin da ke kaɗawa, da abin da ke karɓar kaɗawar ya watsa ta cikin iska.

Haka abin yake ga jita. Idan ka ɗaure tsirkiya tsakanin ƙusa biyu a jikin bango ka taɓa ta, da ƙyar za ka ji wani abu, domin ta yi siranta da yawa, ba ta iya tura iska. A jikin jita kuwa, kaɗawarta tana bi ta kan ɗan katakon nan da take zaune a kai, wanda masu goge ke kira jaki, ta shiga katakon fuska, shi kuma ya riƙa motsi ciki da waje yana tura iska kamar fatar ganga. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa sau 82 cikin daƙiƙa ɗaya, mafi siranta kuwa wajen sau 330. Amma kowace tsirkiya, ban da wannan babban amo nata, tana fitar da waɗansu ƙananan amo masu tsini a samansa, kuma yawan waɗannan ko ƙarancinsu shi ne ke sa mu ce wannan jita tana da zaƙi, waccan tana da kauri, waccan kuma ta dishe. Tsirkiya ce ke haifar da su, katako kuma shi ke zaɓen wanda zai ɗaga da wanda zai danne. Abin da tsirkiya ba ta ba shi ba, katako ba shi da inda zai samo shi.

To, ga wani abu da yawancin masu sayen tsirkiya ba su lura da shi ba. Cikin tsirkiyoyi shida na jitar ƙarfe, biyun nan sirara zallan baƙin ƙarfe ne mai tauri, ko wane suna aka rubuta a jikin fakitin. Sauran huɗun ne ake yi wa naɗi, watau a sa siririyar wayar ƙarfe a tsakiya, a naɗe ta da wata waya dabam domin a ƙara mata nauyi ba tare da ta sandare ba. Saboda haka duk maganar gaurin ƙarafa da ake yi, a kan wannan naɗi na tsirkiyoyi huɗu take. Wanda ya ce maka ya canza irin tsirkiya, sai ya ji siririyar nan ta ƙasa ta canza murya, to, sabunta ce ya ji, ko kuwa kaurinta ne ya bambanta da na da.

Naɗin da ya fi daɗewa a kasuwa shi ne wanda ake rubuta wa 80/20 Bronze, mai launin zinariya, wanda aka soma yi a Amurka cikin shekarun 1930. Kashi 80 cikin ɗari jan ƙarfe ne, kashi 20 tutiya. Idan sabo ne, amonsa garau yake, da tsini a sama da kauri a ƙasa, tsakiyar kuma ta ɗan lotsa. Aibinsa shi ne ba ya jure gumi. Mai zufar hannu zai ga cikin 'yan kwanaki ya dushe ya yi duhu, zaƙin nan kuma ya tafi.

Saboda wannan aibi ne kamfanin D'Addario ya fito da wani naɗi a 1974, wanda ake rubuta wa Phosphor Bronze, mai ɗan ja-ja. Shi kashi 92 jan ƙarfe ne, wajen kashi 8 kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos, sa'an nan da ɗan fosfaras ƙalilan. Bai kai na farko tsini ba, amma ya fi shi cika a tsakiya, ya kuma fi shi daɗewa kafin ya mutu. Shi ne yau ya fi yawa a jikin sababbin jitoci.

Akwai kuma na uku mai launin toka, wanda ake kira Monel, wanda wajen kashi biyu cikin uku nasa nikel ne, sauran kuma galibi jan ƙarfe. An yi yayinsa tun shekarun 1930, aka bar shi, daga baya kamfanin Martin ya dawo da shi. Ba shi da ƙyalƙyalin amo irin na waɗancan biyu. Tun ranar farko yakan yi kamar tsirkiyar da ta kwana biyu, amma kuma haka zai zauna wata da watanni, domin tsatsa ba ta cinsa da wuri. Har ila yau akwai wanda ake sa zaren siliki ko makamancinsa tsakanin wayar tsakiya da naɗin, mai taushi a yatsa da sanyin murya. Daga 1997 kuma aka sami tsirkiyar Elixir, wadda ake shafe ta da wata 'yar siririyar roba don kada datti ya shiga tsakanin naɗin. Tana ɗan rage zaƙi, tana da tsada, amma tana daɗewa.

A nan ya zama dole mu ja kunnen ƙannenmu game da tsirkiyar nailan. Jitar gargajiyar Sifen, irin wadda marigayi Francis Bebey ya yi suna da ita, da hanjin dabba ake yi mata tsirkiya a da, sai cikin shekarun 1940 Albert Augustine ya fito da ta nailan a New York, da ƙarfafawar shahararren makaɗin nan Segovia. Tsirkiyoyin nailan shida suna jan jita da nauyin da bai wuce wajen kilo 40 ba, na ƙarfe matsakaita kuwa sukan haura kilo 70. An gina kowace jita ne daidai da nauyin da za ta ɗauka. Bara wani yaro ya zo mana da jitar nailan da kawunsa ya bar masa, wani mai kanti ya sayar masa da tsirkiyar ƙarfe, ya ce masa ta fi ƙara. Ta kuwa yi ƙarar, na mako uku. Ran nan sai jakin ya ɗago daga jikin katakon, wuyan ya lanƙwashe. Muka kai shi wurin wani dattijo mai gyara, ya juya ta, ya duba, ya ce, "Ɗana, kayan raƙumi ka ɗora wa ɗan akuya." Yaron ya ce, "Baba, ba ta gyaruwa?" Ya ce, "Jakin zan manna maka, wuyan kuwa sai haƙuri." Kuɗin gyaran ya ninka na tsirkiyar sau da yawa, jitar kuma ba ta koma yadda take ba.

Yanzu sai mu juya ga katako. Wanda ya fi kowanne aiki shi ne na fuska, wanda kaurinsa bai wuce milimita uku ba. Yawanci da sifurus ake yin sa, wani itacen ƙasashen sanyi, saboda ba shi da nauyi amma yana da ƙarfi ta tsawonsa. Yana son a buge shi da ƙarfi, kuma amonsa a fili yake. Akwai sida, wanda ya fi shi taushi, mai amsawa ko da ɗan shafa aka yi masa, mai ɗumin murya, sai dai idan aka tsananta masa duka sai amon ya cakuɗe. Akwai kuma masu yin fuskar da mahogani, wanda ya fi su nauyi, amonsa a bushe, ba yawan ado.

Baya da gefe kuwa, a nan ne 'yan kasuwa suka fi cika baki. Sukan ce rozwud yana ba da kauri mai zurfi da amo mai daɗewa, mahogani yana fito da tsakiya, mapul kuma yana da haske amma amonsa ba ya jimawa. Daga nan ne masana jita suka fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi, watau a haɗa mai zafi da mai sanyi. Jitar da ta cika kauri, kamar babba mai bayan rozwud ko mai fuskar sida, a ba ta 80/20 ya buɗe mata murya. Wadda ta cika tsini, kamar mai bayan mapul ko sabuwar sifurus, a ba ta Phosphor Bronze ya kwantar da ita. Mai mahogani kuwa, in ana son a ji itacen kansa, a gwada mata Monel.

Wannan ƙa'ida tana da amfani, amma kada a ɗauke ta kamar ba ta da gyara. Tun a 1862 Antonio de Torres, mutumin Sifen wanda shi ya tsara siffar jitar nailan ta yau, ya yi wata jita mai fuskar katako nagari, baya da gefenta kuwa na takarda da aka manne, domin ya nuna cewa fuska ce ke da aikin. A 2018 kuma aka buga sakamakon wani bincike na Jami'ar Lancaster ta Ingila. Wani gwanin maƙerin jita ya yi guda shida iri ɗaya, bambancinsu kawai itacen baya da gefe, watau rozwud na Barazil, rozwud na Indiya, mahogani, mapul, sapele da walnat. Aka kawo makaɗa 52, aka sa musu baƙin tabarau irin na masu walda a ɗaki mai duhu-duhu don kada su gane katakon da ido. Makin da suka ba jitocin kusan ɗaya ne, kuma da aka gwada wasunsu a kan su rarrabe tsakaninsu, da ƙyar suka fi mai cinta. Alhali kuwa kuɗin rozwud na Barazil ya ninka na sapele nesa ba kusa ba.

Mu ma mun yi namu ɗan gwajin, daidai ƙarfinmu. Jitoci uku muka ware. Ta malamin makarantarmu mai fuskar sifurus da bayan sapele, ta direbanmu mai fuskar sida, sai ta telanmu wadda duk jikinta filawud ne, watau siraran katakai da aka manne da gam, irin wadda akasarin samarinmu ke iya saye. Muka yi karo-karo muka sayi tsirkiya iri biyu masu kauri ɗaya. Mutum ɗaya ke kaɗawa, sauran mu juya baya.

A kan mai sida, 80/20 ya yi abin da ake faɗa, domin ya fito da ita daga cikin bargo, kowane amo ya tsaya da ƙafarsa. A kan mai sifurus kuwa sai ya yi tsini har yana sukar kunne, musamman kwana biyun farko, kuma dukanmu mun fi son ta da Phosphor Bronze. Abin da ya ba mu mamaki ita ce ta filawud. Ita da muke yi wa dariya kullum, da aka cire mata tsoffin tsirkiyoyin da suka shekara a jikinta, aka ɗaura sababbi, biyu daga cikinmu sun ɗauka ta malamin ce ake kaɗawa. Tela ya yi ta murna har magariba. Bayan mako uku muka sake haɗuwa, sai muka tarar bambancin da ke tsakanin naɗin biyu ya ragu ƙwarai, domin gumi da ƙura sun shiga tsakanin naɗin sun danne ƙananan amon nan masu tsini. Abin da muka fahimta shi ne, tazarar da ke tsakanin sabuwar tsirkiya da tsohuwa ta fi tazarar da ke tsakanin wannan gauri da wancan.

Sa'an nan akwai wani alƙali da littattafan Turawa ba su cika ambata ba, shi ne yanayin ƙasarmu. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Duwala, da damina, iskar kamar a matse ta ruwa ya fito, a can tsirkiya ke tsatsa tun tana cikin fakiti in ba a like shi da kyau ba, katako kuma ya kumbura, amo ya yi nauyi. A Garwa da Marwa kuwa, da hunturu, iskar takan bushe ƙayau, katako ya tsuke, har fuskar jita ta tsage. Direbanmu ya taɓa hawa jirgin ƙasa da tasa zuwa Ngaundare, ya wuce Garwa ya yi wata guda, ya dawo bakin ƙarafan wuyanta sun fito suna yankar yatsa, saboda itacen ya tsuke ya bar su. Don haka mutumin kudu ya fi bukatar tsirkiyar da ke jure tsatsa, mutumin arewa kuwa ya fi bukatar ya ajiye jitarsa cikin jakarta, da ɗan soso mai danshi a cikin roba mai huji, nesa da rana. A nan ma filawud yana da ranarsa, domin bai cika tsagewa ba.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta shafe mu fiye da wasu. Wasu daga cikin itatuwan nan daga dazukanmu suke fita. Sapele, wanda ya sami sunansa daga wani gari a kudancin Nijeriya, motoci ne ke jan gungumensa daga gabashin Kamaru zuwa tashar jiragen ruwa ta Duwala. Abin da Turawa ke kira mahoganin Afirka ɗan uwan madaci ne, wanda muke shan sassaƙensa don ciwon ciki. Baƙin katakon nan da ake dannawa a wuyan jita mai tsada, eboni ke nan, dangin kanya, kuma a 2011 kamfanin Taylor na Amurka tare da abokin cinikinsa na Sifen suka sayi masana'antar yanka shi da ke nan Yawunde. Shugaban kamfanin da kansa ya bayyana cewa masu sara sun gaya masa sukan kayar da itatuwa wajen goma kafin su sami ɗaya baƙi ƙirin, sauran masu ratsin fari a bar su a daji su ruɓe, don kawai masu saye sun fi son baƙi. Daga nan ne kamfanin ya soma amfani da mai ratsin. Rozwud na Barazil kuwa tun 1992 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe saboda ya kusa ƙarewa, a 2017 kuma aka sa wa madobiyarmu takunkumi bayan an yi mata sara ba ji ba gani. Idan har kunnen makaɗa 52 bai iya rarrabe waɗannan katakai sosai ba, to, ashe wani ɓangare na wannan ɓarna don ido ake yin ta.

Daɗin daɗawa, akwai hannun mai kaɗawa, wanda ba a sayarwa a kanti. Messi Martin, wanda ake yi wa laƙabi da uban bikutsin zamani, ɗan abu mai taushi ya cusa tsakanin tsirkiyoyin jitarsa ta lantarki ya danne amonsu, sai ga ta tana magana kamar balafon. Jean Bikoko Aladin da jitar katako da kwalba ya raya kiɗan asiko. Ko a tsakaninmu, jita ɗaya takan canza murya idan ta bar hannun mai kaɗawa da farce ta koma hannun mai kaɗawa da tsokar yatsa, ko kuwa aka matsa daga bakin rami zuwa kusa da jaki.

Saboda haka ga shawararmu ga duk saurayin da ya tara 'yan kuɗinsa. Idan za ka sayi jita, ka fara duba wuyanta ko a miƙe yake, ka duba tsirkiya ba ta yi nisa da wuyan ba, sa'an nan in da hali ka nemi mai fuskar katako guda, ko da bayanta filawud ne. Kada sunan itacen baya ya sa ka ci bashi. Idan kana da jita tuni kuma muryarta ta gundure ka, ka canza tsirkiya kafin ka yi tunanin sayar da ita. In ta cika kauri ka gwada mai launin zinariya, in ta cika tsini ka gwada mai ja-ja, in gumin hannunka mai cin ƙarfe ne ka nemi mai launin toka ko mai rufin roba. Ka lura da lambar kauri da ke jikin fakitin, domin mai lamba 10 ta fi taushi a yatsa, mai lamba 12 ta fi cika amo, mai lamba 13 kuma tana iya yi wa tsohuwar jita nauyi. Ka yi hattara da jabu, don suna da yawa a kasuwa, kuma araha ba ta ado. Ka wanke hannu kafin ka taɓa, ka goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan ka gama, wannan kaɗai zai ƙara mata kwana.

Gardamarmu dai ba ta mutu ba, sai dai ta yi sanyi, domin yanzu masu cewa katako sun yarda su riƙa canza tsirkiya, masu cewa tsirkiya kuma sun daina jingine jitarsu a rana. Muna roƙon dattawanmu masu gurmi da garaya da molo, na Garwa da Ngaundare da sauran wurare, su aiko wa wannan shafi da bayanin irin tsirkiyar da suka gada da irin itacen da suke zaɓa, domin a rubuta shi yara su samu. Allah ya sa mu dace, ya kai mu wata mai zuwa lafiya, amin.